Algaitar Turawa: Tarihin Sonatar Paul Creston ta 1939

Abin da mu ke nufi da wannan takarda shi ne mu ba da tarihin wani kiɗa guda ɗaya wanda aka tsara a birnin New York ta ƙasar Amurka cikin shekarar 1939, don abin busa ɗaya da abin kiɗa ɗaya, watau saksofon da piyano. Wanda ya tsara shi sunansa Paul Creston, kiɗan kuwa ana ce da shi Sonata, shi ne na 19 cikin jerin ayyukansa. Tsawonsa duka bai cika rubu'in sa'a ba. Mai karatu ya iya tambaya, me ya haɗa nazarin Hausa da wannan? Abu biyu ne. Na farko, matsalar da ta haifi kiɗan nan matsala ce wadda Bahaushe ya daɗe da saninta, watau daga ina abin busa ke samun daraja. Na biyu, zaren labarin, in an bi shi har ƙarshe, Zariya ya ke kawo mu.

Mu fara daga gida. Duk wanda ya tashi a gabashin Sakkwato, ko a Rara ne, ko Rabah, ko Wurno, ko Goronyo, ba ya bukatar a gaya masa kayan busa ba ɗaya su ke ba. Sarewa ta makiyayi ce, a daji ta ke kwana. Kakaki na sarki ne, talaka ba ya sa a busa masa ko da ya fi kowa dukiya. Algaita kuwa in an ji ta daga nesa an san basarake ne tafe. Jikinta itace ne da aka fafe aka lulluɓe da fata, ƙasanta ya buɗe kamar bakin mazurari, a samanta akwai ɗan bututun ƙarfe, da ɗan faifai wanda leɓe ke dogara a kansa, da ɗan harshe na kara mai ruɓi biyu wanda mabushi ke sawa cikin baki ɗungum. Ya kan cika kumatunsa da iska, yana shaƙa ta hanci yana turawa da kumatu a lokaci guda, don haka sauti ba ya yankewa. Sunanta daga Larabcin Magrib ya ke, inda a ke kiran irinta gaita. Aikinta kuwa magana ce. Da ya ke Hausa harshe ne mai hawa da sauka, algaita ta kan bi hawa da saukan kalmomin take da kirari, har wanda ya saba ya ji abin da ta ce, ya san wa a ke yi wa.

Darajar nan kuwa ba a tabbace ta ke ba. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin al'adun sarakunan Hausa na dā waɗanda ya ke zargi, ya nuna ba a buga ganga sai don wata bukata da shari'a ta yarda da ita, kamar tara runduna ko sanar da tashinta. To, Wurno, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ita ribaɗi, ya kuma rasu a cikinta a 1837, don tsaron iyaka aka zaunar da ita, saboda haka gangar yaƙi ba ta rasa aiki a irin waɗannan garuruwa ba. Ta ƙofar yaƙi kiɗa ya sami wurin tsayawa, sannu a hankali kuma kakaki da algaita suka koma ƙofar sarakuna. Itacen nan ne dai da karan nan, babu abin da ya sake a jikin algaita. Hukuncin masu mulki ya sauke ta, bukatarsu kuma ta mayar da ita. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da shi a Faransa.

Saksofon ba tsohon abu ba ne, an san wanda ya ƙaga shi da shekarar da aka yi. Adolphe Sax mutumin Beljiyam ne, an haife shi a garin Dinant cikin 1814, ɗan gado ne kuwa, don ubansa maƙerin kayan busa ne a Burasil. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki jikin tagulla mai faɗaɗa zuwa ƙasa, ya huda masa ramuka da murafu waɗanda yatsa ke buɗewa da rufewa, sa'an nan ya sa masa baki mai harshen kara guda ɗaya irin na kilarinet. Nan ya bambanta da algaita mai harshe biyu, ko da ya ke dangi ne, su duka rawar ɗan kara ce ke ba su murya. Nufinsa ya sami abin busa mai ƙarfin tagulla da laushin itace. Ya ƙaura zuwa Faris a 1842, ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1846.

Da ya ke mai wayo ne, ya gane abin busa ba ya rayuwa sai da ubangida, ubangidan da ya nema kuwa shi ne sojan Faransa. A watan Afrilu na 1845 aka yi gasa a fili a Faris tsakanin 'yan badujala masu tsohon tsari da masu kayan Sax, nasa suka rinjaya, gwamnati ta ba da umurni a shigar da kayansa cikin badujalar soja. Murna ba ta daɗe ba. Juyin mulkin 1848 ya tumɓuke sarki, sababbin masu mulki suka soke umurnin. A 1854, zamanin Napoleon na Uku, aka mayar. A 1857 aka ba Sax aji yana koyar da saksofon ga ɗaliban soja a babbar makarantar kiɗa ta Faris; da Jamus ta ci Faransa a yaƙin 1870 sai aka rufe ajin, ba a sake buɗe shi ba sai 1942, bayan shekara 72, sa'ad da aka naɗa Marcel Mule. Shi kansa Sax shari'a da abokan sana'a masu hassada ta cinye dukiyarsa, ya karye har sau uku, ya mutu matalauci a 1894. Manyan masu tsara kiɗa na zamaninsa kaɗan ne suka kula da abin da ya ƙera. Bizet ya ba shi wuri mai kyau cikin wani kiɗa a 1872, amma babbar ƙungiyar makaɗa ta Turawa, mai goge da sarewa da ƙaho, ba ta taɓa ba shi kujera ta dindindin ba.

A Amurka ma ta hanyar badujala ya shiga. Patrick Gilmore, shahararren shugaban 'yan badujala, ya ɗauki wani gwanin saksofon mai suna Edward Lefèbre a 1873, bayansa kuma John Philip Sousa ya ci gaba da amfani da shi. Daga nan abin ya fita hannun masu kaki ya faɗa gidajen wasan ban dariya, inda a ke sa shi ya yi kukan dabbobi da dariyar mutane, sa'an nan ya shiga gidajen rawa. Cikin shekarun 1920 ya zama yayi, ma'aikatun garin Elkhart ta jihar Indiyana suna ƙerawa ba ji ba gani, samari suna saye suna damun maƙwabta. Baƙar fatar Amurka kuwa suka mai da shi muryar kiɗansu na jaz. Wannan yawan masoya shi ya ƙara zubar masa da mutunci a idon masu zuwa zauren sauraro, inda a ke zama tsit ba rawa ba tafi sai an ƙare. A wurinsu saksofon kayan mashaya ne.

Akwai wata mace wadda ya kamata a ambata, ko da a taƙaice. Elise Hall, wata mai dukiya a birnin Boston, ta fara busa saksofon ne bisa shawarar likita saboda jinta ya soma raguwa. Da ta ga babu kiɗan kirki da za ta busa, sai ta riƙa biyan masu tsara kiɗa na Faransa su rubuta mata. A 1901 ta biya Debussy, wanda ya fi su duka suna. Ya karɓi kuɗi, ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ya mutu a 1918 bai gama shirya shi don ƙungiyar makaɗa ba, sai wani abokinsa ya ƙarasa, aka fara kaɗa shi a 1919. Ga kuɗi, ga gwani, amma zuciyar gwanin ba ta wurin.

Wanda ya gane maganin abin a Amurka shi ne Cecil Leeson, wanda aka haifa a 1902. Ya ƙudura zai tsaya da saksofon a zauren da masu goge da piyano ke tsayawa. Matsalarsa ita ce me zai busa. Abin da ke hannu duka aro ne, kiɗan da aka rubuta don goge ko don muryar mutum aka juya shi, ga shi kuwa kayan aro ba ya rufe katara. Mai sauraro ya kan fita yana cewa da goge ne da ya fi daɗi. Saboda haka Leeson ya shiga bin masu tsara kiɗa yana roƙonsu, har abin da aka rubuta masa a tsawon ransa ya wuce guda 50. Ran 5 ga Fabrairu 1937 ya yi zaman busa shi kaɗai da mai piyano a zauren Town Hall na New York, shi ne mai saksofon na farko da ya yi haka a wurin.

Mai kaɗa masa piyano a waɗannan shekaru shi ne Paul Creston. In Sax ɗan gado ne, Creston ɗan haye ne. An haife shi a New York a 1906, iyayensa talakawa ne da suka yi ƙaura daga tsibirin Sisili na Italiya, sunansa na yanka Giuseppe Guttoveggio. Ya bar makaranta yana da shekara 15 don ya nemi abin taimakon gida, yana aikin akawu da rana yana karatu da dare. An koya masa piyano da ogan, watau babban abin kiɗan coci mai bututai, amma tsara kiɗa babu malamin da ya koya masa. Daga littattafai da nazarin ayyukan magabata ya ɗauka. Ya yi kiɗa a gidajen silima zamanin da hotuna ba su magana, daga 1934 kuma har 1967 shi ne mai ogan na cocin St. Malachy, wadda 'yan wasan kwaikwayo na New York ke zuwa. Matarsa 'yar rawa ce ta ƙungiyar Martha Graham, abin da ya ƙara masa kula da sha'anin ƙirgar kiɗa, har daga baya ya wallafa littafi a kan wannan fanni a 1964. Wataƙila don shi ma ba ta babbar ƙofa ya shigo ba, ya kasance mai tausayin kayan kiɗan da aka raina: ya rubuta wa marimba a 1940, ya rubuta wa turombon, ya rubuta wa akodiyon. Ya fara yi wa Leeson wani gajeren jerin kiɗa a 1935, sa'an nan Sonata a 1939, sa'an nan wani babba don saksofon da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a 1941.

To, mece ce sonata? Kalmar daga Italiyanci ta ke, asalin ma'anarta abin da a ke kaɗawa, kishiyar abin da a ke rerawa. Tun ƙarni na 18 ta zama sunan kiɗa mai babi uku ko huɗu, don makaɗi ɗaya ko biyu. Tana cikin abin da Turawa ke kira kiɗan ɗaki, mu ce kiɗan zaure, wanda mutane kaɗan ke yi, kowa da nasa layi, babu shugaba mai sanda a gabansu. A nan Bahaushe zai yi tuntuɓe, dole a faɗa. Sonata ba ta da take, ba ta da kirari, babu kalma ko ɗaya a ƙarƙashinta, ba kuma wani a ke wasawa ba. In mai algaita ya busa, akwai amsar tambayar me ya ce. In mai sonata ya busa, babu. Abin da a ke bi da kunne shi ne kari, watau jerin sautin da a ke iya riƙewa a ka: yadda aka kawo shi, aka juya shi, aka gutsuttsura shi, aka ɓoye shi, sa'an nan aka dawo da shi. Sunan sonata kuma shi kansa rawani ne. Da shi Mozart da Beethoven suka kira ayyukansu na goge da piyano, don haka wanda ya sa wa kiɗan saksofon wannan suna da'awa ya ke yi cewa abin busan nan ya isa zama a shimfiɗa ɗaya da goge.

Sonatar Creston babi uku ce. Al'adar masu tsara kiɗa ita ce su rubuta umurnin sauri da yanayi da Italiyanci, amma shi, ɗan Italiyawa, da Ingilishi ya rubuta nasa, ya ce babi na farko a yi shi da ƙarfi, na biyu da natsuwa, na uku da fara'a.

Babi na farko ba shi da sallama. Daga bugun farko saksofon ke faɗowa da wani ɗan guntun kari mai kaifi, piyano na mara masa baya da nauyi. Ba a jima ba sai guguwar ta lafa, wani kari mai tsawo mai laushi ya fito, irin wanda ke bukatar dogon numfashi. Sauran babin kokawa ce tsakanin waɗannan biyu. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne rabon aiki. A kiɗan gidan rawa piyano bara ne, ƙirga kawai ya ke riƙewa. A nan kuwa abokin magana ne: saksofon ya faɗi abu, piyano ya karɓe ya ƙarasa, wani lokaci ma shi ke gaba. Creston da hannunsa zai kaɗa, bai kuwa sauƙaƙa wa kansa ba, har ya zama sananne a makarantun kiɗa cewa wahalar mai piyano cikin wannan sonata ba ta gaza ta mai busa ba.

Babi na biyu shi ne zuciyar aikin, a ganinmu kuma shi ya fi kyau. Yawancin kiɗan Turawa ana ƙirga shi bibbiyu, ko uku-uku, ko hurhuɗu. Wannan biyar-biyar a ke ƙirga shi. Da wani ne, da ƙirgar nan ta riƙa ɗingishi, kunne yana jin an ƙara ɗaya ko an rage ɗaya. Creston ya shimfiɗa karin ta yadda ba a jin inda gaɓa ta ƙare wata ta soma, sai ka ce ruwan fadama mai tafiya ba a ganin motsinsa. Piyano ke fara kawo karin shi kaɗai, sa'an nan saksofon ya shigo a hankali ya maimaita, su yi ta hawa tare har su kai ƙololuwa da ƙarfi, kāna su sauko, sautin ya yi ta sirancewa har ya ɓace. A nan ne aka ba masu raina saksofon amsa, domin abin da su ke cewa ba ya iyawa, watau ya yi magana a hankali da mutunci, shi aka sa shi yi na tsawon minti huɗu ko biyar. Wuyarsa ga mabushi ba ta yatsa ba ce, ta numfashi ce da riƙon sauti kada ya karkace.

Babi na uku wasa ne. Tsarinsa irin wanda mawaƙanmu suka sani ne, akwai amshi mai dawowa, tsakanin dawowa da dawowa kuma a kawo wani sabon abu. A takarda bibbiyu a ke ƙirga shi, amma Creston ya riƙa ɗora nauyin bugu inda ba a zata ba, yana tara sautuka uku-uku a kan ƙirgar biyu, har mai sauraro ya rasa inda zai sa ƙafa, sa'an nan a dawo da shi daidai. Turawa na ganin wannan abin mamaki ne. Wanda ya saba jin kalangu da kuntuku suna saɓa wa juna suna kuma haɗuwa ba zai ga baƙon abu ba.

Leeson da Creston suka kaɗa ta a New York a watan Fabrairu na 1940, a ƙaramin zauren Carnegie, aka buga ta a takarda a 1945. Ba za mu ce ita ce ta fari ba. Bernhard Heiden, Bajamushe wanda ya gudo daga mulkin Hitler ya zauna a Detroit, ya riga ya rubuta wa wani mai saksofon na garin, Larry Teal, tasa sonata a 1937. Ba kuma za mu ce ta kai zurfin manyan sonatocin goge ba. Wanda ya faɗi haka son kai ya yi. Fifikonta shi ne an ɗinka ta daidai jikin mai ita. Duk abin da ke cikinta saksofon na yinsa da kyau, in kuwa aka juya ta ga goge sai ta rage armashi. Karo na farko ke nan da aro ya juya.

Akwai wani abu da ya faru a garin nan cikin shekarar nan wanda bai kamata a tsallake shi ba. Ran 11 ga Oktoba 1939 Coleman Hawkins, baƙar fata, gwanin babban saksofon, wanda bai daɗe da komowa daga zaman shekara biyar a Turai ba, ya shiga ɗakin ɗaukar faifai a New York ya busa wata sananniyar waƙa mai suna Body and Soul. Minti uku ne. Da ƙyar ya taɓa karin waƙar na asali, sauran duka daga kansa ya ƙaga nan take, ba takarda. Faifan nan ya zama abin koyi ga masu busa jaz na bayansa. Ashe a shekara guda, a gari guda, saksofon ya sami shaida biyu, ɗaya da tawada ɗaya da faifai. Hanyar Hawkins ta fi kusa da ta makaɗanmu, inda gwaninta ke cikin kan mutum da bakinsa. Amma ƙofar jami'a da zauren sauraro, a wancan zamani na wariyar launin fata, takarda aka fara buɗe wa.

Abin da takarda ta yi kuwa shi ne ta raba saksofon da bukatar ubangida. Umurnin da gwamnati ta bayar a 1845 wata gwamnati ta soke shi bayan shekara uku. Sonata da aka buga aka watsa babu mai soke ta. Malami ya sami abin koyarwa, ɗalibi ya sami abin da za a jarraba shi da shi, makaranta ta sami hujjar buɗe aji. A 1953 Jami'ar Michigan ta naɗa Larry Teal malamin saksofon na cikakken lokaci, shi ne na farko a wata jami'ar Amurka. Leeson ma ya koma koyarwa a jami'a. A 1969 aka yi taron farko na masu saksofon na duniya a Chicago. Shi kuwa Creston, abin ya zo masa a juye. Cikin shekarun 1940 da 1950 yana cikin waɗanda aka fi kaɗa ayyukansu a Amurka, simfoninsa na farko ya ci lambar masu sharhin kiɗa na New York a 1943. Daga baya yayi ya sake, matasa suka koma wa wani salo mai wuyar ji, aka ture irin nasa gefe. Ya mutu a 1985 a jihar Kalifoniya. Manyan simfoni shida da ya rubuta suka koma ba a cika jinsu ba, 'yar sonatar da ya yi wa abokin aikinsa ita ta riƙe sunansa.

Saura mu cika alkawarin da muka yi na komowa gida. A ƙasar Hausa ma ta hannun 'yan badujalar soja da 'yan sanda aka fara ganin saksofon, sa'an nan a wurin masu kiɗan rawa na otal-otal, watau ya bi sawun da ya bi a Faransa da Amurka. Amma akwai wata hanya dabam, ita ce ta bi ta Detroit. Larry Teal yana da makarantar kiɗa a garin, cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta kuwa akwai wani baƙar fata mai busa jaz, wanda aka haifa a 1920 a jihar Tenesi, ya tashi a Detroit. Ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya wajen ƙarshen shekarun 1940, ya ɗauki sunan Yusef Lateef. Ya yi aiki da Dizzy Gillespie a 1949, da Cannonball Adderley a farkon shekarun 1960. Mutum ne wanda bai yarda a tsare shi a ɗaki ɗaya ba. Bayan saksofon ya koyi sarewar Turawa, ya koyi obo, wadda ita ce 'yar'uwar algaita ta kusa don harshenta biyu ne, ya kuma tattara kayan busa na Larabawa da na Indiya yana sa su cikin faifansa. Kalmar jaz ma ƙinta ya ke yi, yana ganin akwai raini a cikinta. Ya yi karatun kiɗa a rubuce har digiri na biyu a New York, ya sami digirin dakta a fannin ilmi a Jami'ar Massachusetts a 1975, da bincike a kan ilmin Turawa da na Musulunci. Watau hanyoyin nan biyu na 1939, ta Creston da ta Hawkins, a wurinsa suka haɗu.

Daga 1981 zuwa 1985 Lateef yana Zariya, babban mai bincike ne a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da aka buɗe a 1962 da sunan Sardauna, haifaffen Rabah, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah. Abin da ya fi ba da hankalinsa a kai shi ne sarewar Fulani makiyaya, wadda ba ta da fada ba ta da takarda. A 1983 ya ɗauki faifai a Ikko tare da makaɗan ganga na Nijeriya, aka fitar da shi a 1985 da sunan In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola, malamin wasan kwaikwayo na cibiyar, suka rubuta littafi da Ingilishi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa, wanda aka buga a Ikko a 1987. Littafin ya zo bayan ƙamus ɗin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, amma wannan karon ɗaya daga cikin marubutan mabushi ne, ya san abin da leɓe da numfashi ke sha.

Da ya koma Amurka ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts, ya ƙara dukufa ga tsara kiɗa a rubuce, na 'yan makaɗa kaɗan da na manyan ƙungiyoyi, yana bugawa a ɗan kamfanin ɗab'i na kansa. Faifansa na 1987, wanda ya kira ƙaramin simfoni, shi kaɗai ya busa ya kaɗa duk abin da ke ciki, ya sami lambar Grammy da shi. Ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93.